Kotun da Lauya Ya Zaɓa

A layinmu akwai wani mutum da kowa ke ce masa Lauya, in ka kira shi da sunansa na yanka ma ba zai waiwayo ba. Kada ka ɗauka wani karatun shari'a ya yi. Shagon buga takardu gare shi kusa da gidan waya, da tsohuwar kwamfuta da injin kwafi mai tari kamar tsoho. Amma duk wanda maƙwabci ya toshe masa kwata, ko aka ƙi kwashe shara a ƙofar gidansa, wurinsa yake zuwa ya rubuta masa takardar koke mai "alhali" da "bisa ga haka" a kowane layi. Mu muka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sayi baƙar kwat. Ƙafarsa dai ba ta taɓa taka cikin kotu ba.

Matarsa kiwon kaji take yi a bayan gida, Mai Kaji muke ce mata. Shekara uku baiwar Allah tana hana kanta sabon zane don ta mallaki injin ƙyanƙyasar ƙwai, ta huta da jiran kaza ta ga damar yin kwanci. Daga wani kamfani ta saya a wata jiha, tafiyar awa tara a mota, motarsu ta kawo shi har ƙofar gida. Fari ne kamar ƙaramin firiji, da gilashi a gaba da jar fitila a ciki. Ta jera ƙwai ɗari da ashirin, tana bi tana yi wa kowanne addu'a.

Kwana na uku ta fita sayen abincin kaji. Lauya na zaune a falo sai ya ji ƙyas, fitilar inji ta mutu. Jim kaɗan ya ji ƙyas, ta dawo. Can kuma ƙyas.

"Ka ji 'yan damfara!" in ji shi. "Sabon inji yana ɗauke wuta da kansa? Allah ya sa da namiji a gidan."

Ya ɗauko sukundireba, ya yage wata 'yar takarda da aka manna a bayan injin, ya kwance murfi. Ya ga wani ɗan ƙarfe da ke ɗagawa da kansa duk lokacin da fitilar za ta mutu. Ya zaro katin shagonsa daga aljihu, ya ninka shi huɗu, ya cusa ya danne ƙarfen. Fitila ta tsaya cak, ja wur, ba ƙyas ba ƙyas. Ya mayar da murfi ya karkaɗe hannu. Bai gaya mata ba, yana ajiye labarin sai ranar da 'yan tsaki suka fito, ya ce da ban gyara ba da tuni.

Washegari da safe ƙamshi ne ya tashe su. Mai Kaji ta sa tsumma ta buɗe injin, don hannu ba ya taɓuwa. Ta fasa ƙwai ɗaya, ya dahu tsaf, gishiri kawai yake nema. Ta fasa na biyu, ta fasa na goma. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, kuka na gaske, irin wanda har maƙwabta suka leƙo. Da ta sarara ta buga wa kamfanin waya. Wata mata ta ba ta haƙuri, ta ce motarsu tana zuwa jiharmu duk mako, a ba direba injin cikin kwana talatin daga ranar da aka kawo shi, za su aiko da wani.

"A mayar?" Lauya ya yi tsalle. "Su karɓe shaida su ɓoye? Ba a gidan Lauya ba! Kotu za mu."

Shi fa a lokacin har zuciyarsa injin ne mai laifi, ai da idonsa ya ga yana ɗauke wuta. Ya ɗora shi a baro ya turo shi shagon Mai Aski, inda muke taruwa kan benci mu gyara duniya da baki. Ya sa Tela ya zura injin a buhu ya ɗinke shi ruf, ya ce kowa ya sa hannu a kan ɗinkin don kada wani ya taɓa shaida. Mu goma muka sa hannu, kowa yana jin kansa babban mutum. Shi ne na ƙarshe. Yana rubuta sunansa yana ba mu labarin yadda injin ke ƙyas-ƙyas tun ranar farko.

"Ai wannan ba matsala ba ce," in ji Tela, yana cizge zare. "Irin na dutsen gugata ne. In zafi ya kai sai ya kashe kansa, in ya huce ya kunna. Ba don haka ba da na ƙone rigunan garin nan duka."

Alƙalamin Lauya ya tsaya a tsakiyar sunansa. Katinsa yana cikin injin, injin yana cikin buhu, buhu kuwa da sa hannun mutum goma, kuma shi da bakinsa ya ce a ɗinke. In ya mayar wa kamfani, za su buɗe su gani, matarsa ta ji. In ya farke ɗinki, layi duka zai tambaya. Nan take wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ke faɗo wa mutum idan yana nitsewa. Babu kamfanin da zai yi tafiyar awa tara saboda inji ɗaya. In ya kai ƙara a nan gida ba za su zo ba, alkali ya yanke hukunci a bayan idonsu, buhu kuma ya zauna a ɗinke har tashin duniya.

"A nan zan kai su ƙara," ya ce da ƙarfi. "A garin nan. Su za su tako su same ni."

"Amma Lauya," in ji Tela, "na ji an ce mai ƙara shi ke bin wanda yake ƙara har garinsu."

"Tsohuwar doka ke nan. Kai ka tsaya kan allurarka."

"Faɗa masa, Lauya!" in ji Mai Aski, wanda ba a taɓa hura wuta a layin nan ba tare da bakinsa ba. "Mu ƙauyawa ne da za mu bi su? Su zo su ga maza!"

Mu ma muka ce su zo su ga maza. Allah ya yafe mana, mu ne muka ingiza mai kantu ruwa.

A gida Mai Kaji ta yi masa magana a tsanake. "Maigida, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sun ce a mayar su canza. Ni injina nake so, ba shari'a ba."

"Inji ɗaya? Sai sun ba ki inji, sun biya ki kaji ɗari da ashirin, da 'ya'yan da za su haifa, da jikokinsu. Ke dai ki zuba ido."

"Kwana talatin suka ce, an ci biyar."

"Kafin kwana goma manajansu yana durƙushe a ƙofar nan."

Ta dube shi. Shekara goma sha biyar tana jin irin wannan, amma ta ga kullum mutane na fita daga shagonsa da takarda suna godiya, ta ce wataƙila wannan karon a kan sana'arsa yake.

Ya fara da ƙaramar kotun da ke bayan kasuwa, don ita ce mafi kusa, kuma baro ba ya son nisa. Ya sa kwat, ya ɗora buhu, ya ɗora bokiti mai murfi da ƙwai talatin a ciki, shaida ta biyu. Magatakardan kotun, wani tsoho mai furfura har a kunne, ya saurare shi har ya gama.

"Malam, nan aure da gado muke yi. Ƙwan naka aure suka yi ko mutuwa?"

"Mutuwa suka yi, su ɗari da ashirin."

"Allah ya jiƙansu. Sun bar magada?"

"Ni da matata."

"To ku je gida ku raba, ba sai mun zauna ba."

Ya turo baro ya dawo, ya ce mana kotun ce ta ce maganar ta fi ƙarfinta. Ba ƙarya ya yi ba sosai, mu kuma muka jinjina kai.

Sai ya yi lissafi cewa tunda jiha biyu ce a cikin rigimar, kotun da ke saman jihohi duka ita ce daidai da shi. Ya kwashe mako guda yana buga takarda, ya yi hayar akori-kura zuwa babbar kotu mai matakala talatin da tuta a sama. A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi ya nuna bokiti.

"Buɗe."

"Shaida ce, ba a buɗewa sai gaban mai shari'a."

"Nan ni ne mai shari'a. Buɗe, ko ka koma."

Ƙwai da suka kwana goma sha biyu a rufe cikin zafi, ba sai na gaya maka ba. Mai gadi na ɗaga murfi ya yi baya taga-taga ya faɗa kan kujerarsa. Lauyoyi na gaske, da baƙaƙen rigunansu, suka watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Wata mai shara ta yi ta salati tana tambayar wa ya mutu. Daga taga ta bene magatakarda ya leƙo, hanci a toshe, ya ce masa nan ba a kawo irin wannan ƙaramar magana, ya tafi kotun majistare kusa da tashar mota, kuma don girman Allah ya tafi yanzu. Bokitin kuwa masu shara suka haƙa rami a bayan katanga suka binne shi. Da yamma ya zo benci ya ce babbar kotu ta karɓi shaida ta biyu, ta adana ta a ƙarƙashin ƙasa.

"Ka ji manya," in ji Mai Aski. "A ƙarƙashin ƙasa!"

A kotun majistare ya samu magatakarda mace, mai tabarau, wadda ba ta da lokacin wasa. Ta tambaye shi inda kamfanin yake zaune, ya faɗa. Ta tambaye shi inda aka miƙa kayan, ya ce ƙofar gidansa. Ta tambaya ko suna sayarwa a jiharmu kullum ko sau ɗaya ne, ya ce motarsu duk mako tana nan.

"To ka ji," ta ce. "Kana iya kai ƙara can inda suke, ba wanda zai yi maka gardama. Kana iya shigarwa a nan, amma za su ce ba mu da hurumi, wato ba mu da ikon jin maganar, sai ka gamsar da alkali a rubuce. Sannan sai an kai musu sammaci har can. Ni da ni ce kai, da na mayar musu da injinsu sun canza mini na huta."

"Ranki ya daɗe, kin san da wa kike magana?"

"Da mai baro. Ka gusa da shi, ya tare hanya."

Aka karɓi buhun aka kulle a ɗakin ajiyar shaida. Lauya ya koma shago ya rufe ƙofa ya hau rubutu. Tsoro malami ne. Karon farko a rayuwarsa ya rubuta takarda ba "alhali" ko ɗaya, shafi goma sha biyu, magana tsantsa. Ya kawo ranakun da motar kamfani ke shigowa, ya kawo sunayen shaguna bakwai da ke sayar da kayansu a garin, ya liƙa hoton motar tsaye a ƙofar gidansa. Duk wannan wahala don a tsayar da shari'a a inda yake da tabbacin ba za su zo ba.

Ranar kwana ashirin da tara mai kai sammaci zai tafi can. Ba dole Lauya ya bi shi ba, amma Mai Aski ya ce ai ya kamata ya ga fuskarsu lokacin da takarda ta dira a hannunsu, mu kuma muka ce ƙwarai. Da asuba yana ɗaura takalmi Mai Kaji ta tsaya a kansa.

"Tunda can za ka da ƙafarka, ka karɓo injin ka tafi da shi mana. Gobe wa'adin ke cika."

"Inji yana hannun hukuma. Shaida ba ta yawo."

"Wato kai za ka yi tafiyar awa tara ka gaya musu ba za ka zo ba."

"Ke ba ki san shari'a ba."

"Ban sani ba kam," ta ce, ta juya wurin kajinta. Maganar ta bi shi har cikin mota, ta zauna kusa da shi awa tara.

Shirinsa shi ne a miƙa takarda a juyo, ba tari ba atishawa, don kada a tsokano su. Suka isa da la'asar, kwat ta yamutse, ƙafa ta kumbura. Matar da ke karɓar baƙi ta duba takardar ta ce, "Ayya, kai ne mijin mai ƙwan nan? Kun kawo injin?" Manaja ya fito da kansa, mutum mai sanyin murya, ya sa aka kawo musu ruwa. Ya ce ba sai an kai ga kotu ba, zai ƙara musu mako guda, su sa injin a motar da za ta zo.

Ma'aikata sun taru suna kallo. Mai kai sammaci yana kallo, kuma shi ɗan garinmu ne, zai kai labari. Zuciyar Lauya ta ce masa yi shiru, amma bakinsa ya riga shi tashi.

"Lallashi kuma? An makara! In kun isa ku tako jiharmu. Na san ba za ku iya ba, ku da kuke ɓuya a bayan waya kuna dafa wa talakawa ƙwai. Kamfanin girki kawai!"

Manaja ya cire tabarau ya goge a hankali. "Da niyyata in aika da wasiƙa kawai," ya ce. "Amma tunda ka gayyace mu haka, za mu zo."

A hanyar dawowa Lauya ya yi ta dukan leɓensa da yatsa yana cewa, "Kai baki, wa ya aike ka?" Mai kai sammaci ya ɗauka addu'ar tafiya yake yi. Amma da ya sauka, wannan bakin dai shi ya gaya mana manaja ya yi ta rawar jiki har tabarau ya faɗi. Wa'adi ya cika, makon da aka ƙara ma ya wuce. Mai Kaji ta daina tambaya, sai dai duk ranar da motar kamfani ta ratsa layin ta tsaya a ƙofa ta bi ta da ido har ta ɓace.

Ranar shari'a Mai Aski ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da aka yi masa haihuwa. Tela ya goge wa Lauya kwat kyauta. Muka cika kotun maƙil, waɗanda ba su samu benci ba suka jeru a taga. Mai Kaji ta zauna a gaba. Lauya na ta addu'ar Allah ya sa tayar motar 'yan kamfani ta fashe, sai ga wata matashiyar lauya ta shigo da fayil, a bayanta wani siririn mutum riƙe da akwatin kayan aiki. Lauya ya kafa wa akwatin nan ido.

Lauyar ta miƙe ta ce wa alkali kamfaninsu can yake zaune, ma'aikatarsu can take, don haka wannan kotu ba ta da hurumi, a mayar da shari'ar jiharsu. Lauya ya ji kamar an miƙo masa igiya a rijiya. Can ba Mai Aski, ba Tela, ba kowa, ko matarsa ma zai iya cewa ta zauna gida. Ya zabura ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, na yarda! Gaskiya ta faɗa. A mayar can."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Mai Aski ya juyo ya raɗa mana da muryar da ake ji har tasha, "Dabara ce, ku bar shi, tarko yake ɗana mata."

"Zauna, Malam," in ji alkali. "Ba kai ka rubuta wannan takardar ba?"

"Ni ne, amma a gajiye na rubuta ta. Cike take da kuskure."

"Ban ga ko ɗaya ba. Shekarata ashirin a kujerar nan, ban taɓa ganin wanda ba lauya ba ya shimfiɗa hujja haka. Suna talla a nan, suna sayarwa a nan, a nan suka miƙa kaya, a nan ɓarna ta auku. Wanda ya zo garin mutane neman ciniki, ya zo garin ya amsa ƙara. Kotun nan tana da hurumi."

Muka ɓarke da tafi har ɗan sandan kotu ya daka mana tsawa. Tela ya share ƙwalla. Lauya ya zauna yana kallon silin. Shekara ashirin yana rubuta takardun da ba wanda ke karantawa, ranar da yake roƙon Allah a yi watsi da ɗaya, ranar ce aka karanta ta har ƙarshe.

Lauyar ba ta ko ɓata fuska ba. Ta ce sun karɓi hukuncin, amma tunda sun yi doguwar tafiya, tana roƙon a bar injiniyansu ya buɗe injin yau a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, shaida ce, ba a taɓawa!" in ji Lauya.

"To me aka kawo ta yi, ado?"

Aka shigo da buhu. Tela ya fito yana taƙama, ya rantse ɗinkinsa ne, ba a taɓa ko zare ɗaya ba tun ranar da ƙwai suka dahu. Mu goma kowa ya je ya nuna sa hannunsa. Wato da hannunmu muka toshe wa mutumin ƙofar cewa wani ne ya taɓa daga baya. Tela ya farke ɗinki, injiniya ya juya injin.

"Ranka ya daɗe, an yage takardar hatimi ta baya," ya ce. Ya kwance murfi, ya leƙa, ya sa filaya ya zaro wani abu da zafi ya mayar ruwan ƙasa. "Ga mai laifin. Wannan ƙarfen shi ke kashe wuta in zafi ya kai. Wani ya danne shi da takarda, sai injin ya koma tanda."

"Wace irin takarda?"

Injiniya ya warware ninki huɗu, ya ɗaga wa haske, ya karanta a hankali kamar ɗan makaranta. "Takardun koke, wasiƙu da kwafi. Ƙwararre. Aikinmu ba ya buƙatar gyara. Kusa da gidan waya."

Sai Mai Aski ya saki wata irin dariya ta hanci da ya kasa riƙewa, daga nan kuma kotu ta rushe. Na taga suna maimaita wa na waje, na waje suna maimaita wa 'yan tasha.

Alkali ya buga tebur. "Wa ke da shagon buga takardu kusa da gidan waya?"

Yatsu kusan arba'in suka nuna wuri ɗaya. Har da nawa, ba zan ɓoye ba.

"Malam, katinka ne?"

"Katin nawa ne, ranka ya daɗe, amma na raba wa mutane da yawa."

"Hannun da ya cusa shi fa?"

Lauya ya dubi ƙofa, ya dubi taga, duk fuskokin layinmu ne. Ya dubi matarsa. Ita kaɗai ce ba ta dariya a ɗakin.

"Shi ma nawa ne," ya ce.

Alkali ya kori ƙarar, ya ce kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta, ya kira shari'a ta gaba.

A waje injiniya yana ɗora injin a motarsu, Mai Kaji ta matsa ta tambaye shi ko zai gyaru. Ya ce zai gyaru, amma sai a ma'aikata, kuma yanzu gyaran a kanta yake, tunda wa'adi ya wuce.

"Abin haushin," ya ce, "da kun ba direba cikin kwana talatin ɗin nan, canzawa muke yi ba tambaya. Ba makon da ba ma ciro wani abu a wurin nan. Ashana, tsinken sakace, har cokali na taɓa cirowa. Duk aikin mazaje ne. Mu dai mu jefar mu aika da sabo, ba ma gaya wa matan."

Lauya yana tsaye a gefe, ya ji kowace kalma. Mai Kaji ta juyo gare shi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ba ƙwan ne suka fi yi mini ciwo ba, Maigida. Kuskure kowa na yi. Amma ka sani, ka bar ni ina ƙirga kwanaki, ina tsine wa mutanen da ba su yi mini komai ba, kana kallona kana cin abincin da na dafa."

Lauyar kamfanin ta ce akwai wuri a motarsu in tana son ta bi injinta, a gyara a gabanta ta dawo da shi a motar mako. Mai Kaji ta gyara mayafi ta shiga. Lauya ya waiga ya ga taron da ke jiransa daga matakala har bakin titi, ya yi wuf ya riƙe ƙofar motar.

"Bari in raka ki, hanyar da nisa."

"A'a. Nan ka zaɓa, nan za ka zauna." Ta miƙo masa makullin akurki ta taga. "Safe da yamma ake ba su abinci. Kuma don Allah kada ka gyara musu komai."

Mota ta tashi. Hanya ɗaya ce daga kotu zuwa layinmu, kuma duk muna kanta. Muka dare biyu muka buɗe masa, yana tafe da kwat a kafaɗa da makulli a hannu, kowa na cije leɓe. Mai Aski ne ya kasa haƙuri, ya biyo shi ya dafa shi.

"Lauya, ai ba za mu yarda ba. A wace kotu za mu ɗaukaka ƙara?"

Lauya bai ko ɗago kai ba.

"Duk inda ba wanda ya san ni," ya ce.